Mutumin da Ya Auri Yayata

Shekarar da aka turo ni koyarwa a lekol ɗin ƙauyenmu, wato makarantar boko, can gefen Guci, a shekarar ne shi ma ya zo garin. Ni gida na dawo bayan na gama karatu a Magarya da Damagaram. Shi kuwa baƙo ne. Ya zo da jan moto da akwatin ƙarafunan gyara a ɗaure a baya, ya roƙi maigari wuri a gindin bishiyar bedi da ke bakin hanya, ya kafa rumfa ya fara gyaran babura da facin taya.

Dogo ne, mai fara'a, muryarsa a kwance. Idan ya gaishe ka sau ɗaya, ya riƙe komai naka ke nan: ciwon ƙafar tsohuwarka, akuyarka da ta ɓata, ɗanka da ya tafi ci-rani Kano. Gobe in kun haɗu, shi zai riga ka tambaya. In naƙuda ta yi wa mace gardama, shi ne zai goya ta da mai riƙe ta a moto har likitar Guci, wato asibiti, a ba shi abin godiya ya ƙi karɓa. In an yi rasuwa, shi ne farkon ɗaukar magirbi zuwa maƙabarta. Kafin damina ta kama, tsofaffin garin sun fara cewa Allah ne ya jefo mana shi.

Yayata a lokacin bazawara ce. Mijinta na fari ya rasu ba su haihu ba, ta dawo gidan Baba tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Mace ce mai baki da dariya, in tana tsakar gida har maƙwabta suna jin muryarta. Da ya fito neman aurenta, ita da bakinta ta ce tana so. Baba ya tambaye shi asalinsa. Ya ce shi ɗan wajen Sassumbrum ne, uwa da uba duk sun rasu, ƴan'uwa sun watse. Yana faɗa idonsa ya kawo ruwa, har Baba ya ji kunyar tambayar da ya yi. Aka ɗaura aure bayan kaka.

A wajenmu akwai wasa tsakanin mutum da ƙanin matarsa, kowa na iya gaya wa ɗan'uwansa magana a yi dariya a wuce. Shi ya raɗa mini suna ɗan alli, saboda kullum hannuna fari fat yake in na taso daga aji. Na so shi ƙwarai. Da la'asar a rumfarsa nake shan shayi.

Abu na farko da ya tsaya mini a rai, a kan jaki ne. Ya sayi jaki a kasuwar Dogo-Dogo don jan amalanken ruwa, bai daɗe ba jakin ya faɗa rami ya karye a ƙafar gaba. Wata rana da bazara, rana ta take, na biyo ta bayan gari zan je gida, sai na hange shi zaune a inuwar gawo yana ɓare gyaɗa. Jakin yana ɗaure a turke cikin rana tsaka, ƙafar ta kumbura, ƙudaje sun rufe ta. Ga bokiti cike da ruwa an ajiye, amma nesa kaɗan da inda igiyar ta ƙare. Jakin yana ta miƙa wuya, bakinsa ya kusa taɓa bokitin, igiyar ta mayar da shi.

Na ce, "Malam, ai ruwan bai kai gare shi ba."

Ya ce, "Na sani. Bar shi, ɗan alli, kallo nake yi. Tun hantsi yake wannan abin. Ya san igiyar ba za ta kai ba, amma ya ƙi haƙura."

Na ɗauki bokitin na matsa wa jakin. Bai yi fushi ba. Ya dube ni kawai kamar wanda aka kashe wa rediyo ana tsakiyar labari. Muna nan sai ga dattawa biyu sun biyo hanyar daga gona. Ina tsaye ina kallo fuskarsa ta sake. Ya miƙe, ya dafa wuyan jakin, muryarsa tana rawa, yana gaya musu yadda ya rasa barci saboda tausayin dabbar nan, ga shi yanzu ma shi da ƙaninsa suka kawo mata ruwa. Dattawan suka yi ta ba shi haƙuri. Da suka wuce ya koma ya zauna, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa, ya miƙo mini.

Na tafi gida ina gaya wa kaina cewa wasa ne irin nasa. Amma ranar ban iya cin tuwo ba.

Yayata ta haifi ɗa namiji a shekara ta biyu. A wannan tsakanin ne na lura muryarta ta daina fitowa daga gidansu. Bai taɓa dukanta ba, ita ma ta shaida haka. Abin da yake yi daban ne. Za ta ajiye ludayi ko wuƙa a wuri, ta dawo ba ta gani ba, ya ce ai ita ta kai bayan ɗaki, ya gan ta da idonsa. Zai ce ta dafa wake, ta dafa, ya rantse shi dambu ya ce. Zai gaya mata wance ta zage ta a bakin rijiya, ya je ya gaya wa wancen cewa matarsa ba ta son ganinta. Ƙawayenta suka janye ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya fara zuwa wajen Baba da liman, kansa a sunkuye, yana cewa a taya shi da addu'a, yana jin iskoki sun taɓa matarsa, tana mantuwa, tana magana ita kaɗai. Har rubutu yake karɓo mata. Mutane suka riƙa yaba haƙurinsa.

Ta taɓa tambayata, tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba: "Kai ma kana ganin na canja? Gaya mini gaskiya. Ni yanzu ban san abin da na yi da wanda ban yi ba."

Na ce mata gajiya ce da reno. A lokacin iyakar abin da na gane ke nan.

Da tsakiyar daminar da yaron ya fara tafiya, lokacin da zazzaɓin sauro ke kwantar da yara, ina Magarya wajen wani horon malamai na lokacin bakansi, wato dogon hutu, aka kira ni a salula aka ce in zo gida. Yaron ya rasu. Daga baya ta ba ni labarin yadda aka yi. Jikinsa ya yi zafi ya fara sanƙarewa tun da safe. Ta roƙi uban ya kai su likita, ya ce moto ta lalace, sai ya kwance ta. Ta zauna tana jira, yana zaune a rumfa yana hira. Da rana ta ɗaga wani ɗan kasuwa ya zo yana neman wanda zai kai shi Guci, sai ga moto ta tashi bugu ɗaya, suka tafi. Ta goya yaron ta bi hanya a ƙasa cikin taɓo. Ba ta kai rabin hanya ba ta ji ya saki a bayanta.

A wajen zaman makoki babu wanda ya kai shi kuka. Yana cewa da ya san abin zai kai haka da ya sayar da ransa, moto ce ta ci amanarsa. Liman ya riƙe hannunsa yana masa nasiha, shi ma limamin sai da ya sa gefen rawani ya share ido. Da azahar na zaga bayan gida zan yi alwala, sai na iske shi tsugune bayan rumbu da ƙwaryar fura, yana sha yana danna salula. Idonsa a bushe, kamar bai taɓa kuka ba.

Ya ɗago ya ce, "Ka ga liman? Har shi sai da ya zubar da hawaye. Ni na sa shi."

Na ce, "Ɗanka fa aka rufe jiya."

Ya ce, "To ai an rufe. Ko akwai sauran abin da za a yi masa?" Ya ga yadda nake kallonsa, sai ya yi murmushi. "Kai, ɗan alli, ba ka san wasa ba?"

Ya shanye furarsa, ya goge baki, ya murza idanunsa da yatsu har suka yi ja, ya koma cikin mutane.

Bayan sadakar bakwai na sami Baba a zaure na gaya masa komai, tun daga jakin. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Ya riga ya gaya mini za ka zo da irin wannan. Tun kafin salla ya ce mini ka tsane shi, kana ganin yayar mushe, malamin lekol, ta fi ƙarfin mai facin taya. Ya ce in ka zo kada in yi maka faɗa, ƙuruciya ce. Ka ji mutumin da kake zagi. Uban da ya rasa ɗa za ka zo ka ɗora wa wannan?"

Na fita daga zauren. Watanni kafin in buɗe baki ya riga ya toshe kunnen da zan gaya wa.

Ina da aboki a Magarya, majo ne, wato ma'aikacin jinya, a wata likita, tare muka yi kwalej. Shi na fara ba labarin da bai kalle ni kamar mahaukaci ba. Ya ce likitocin ƙwaƙwalwa suna da sunan da suke kiran masu irin wannan hali, sikopat. Ya ce shi ba zai yanke wa mutumin da bai taɓa gani ba hukunci, amma abin da na faɗa ya yi kama. Ba hauka ba ce irin ta mai yawo a kasuwa yana jifa. Sun san daidai sun san kuskure, sun iya lissafi fiye da ni da shi. Abin da babu shi ne ciwon wani ba ya taɓa su, kuma in sun yi ɓarna ba abin da ke damunsu daga baya. Sun koyi yadda ake yin fuskar tausayi kamar yadda ake koyon yare. Na tambaye shi magani. Ya girgiza kai ya ce, "Ni dai ban san shi ba. Ka daina sauraren abin da yake faɗa, ka riƙa duba abin da ke samun mutanen da ke kusa da shi. Kuma kada ka yarda ya san ka gane shi."

Na ce, "Ai ya riga ya sani."

Abu mafi muni ya zo da kakar wannan shekarar. Muna da maƙwabci, dattijo sa'an Baba, muna ce masa Baffa. Gonarsa tana jikin tamu, kuma ɗa namiji ɗaya gare shi, saurayi mai ƙarfi da saurin fushi, shi ke yi masa noma. Akwai wani makiyayi Bafillace da ke sauka da iyalinsa a gonar Baffa duk shekara in an kwashe amfani. Shanu su ci kara su bar taki, matansa su kawo nono a ba su hatsi. Tun ina yaro haka nake ganinsu, har yanka suke aika wa juna da salla. A shekarar makiyayin ya iso da wuri, wake bai gama bushewa ba, sai ya sauka a bakin daji yana jira.

Mijin yayata ya shiga tsakaninsu. Wannan daga baya na haɗa shi, daga bakin mutane daban-daban. Ya gaya wa ɗan Baffa cewa ya ga shanun a cikin wakensu da sassafe, kuma makiyayin yana cewa tsoho ya tsufa, ɗan kuwa ba abin da zai iya. Ya hau moto ya je ruga da sunan sayen nono, ya gaya wa makiyayin cewa ya yi hankali, yaron gidan ya rantse sai ya sassare masa shanu. Kowannensu ya gode masa. Dalilinsa kuwa, iyakar abin da na iya tunowa shi ne wata rana a ƙofar masallaci Baffa ya taɓa ce masa, a gaban mutane, ya rage yawan kai magana. Ya yi dariya a ranar, har ya ce ya gode da gyara.

Wata safiya aka iske saniyar makiyayin, mai ciki, kwance a gefen gonar Baffa, an datse mata jijiyoyin ƙafafun baya. Makiyayin ya zo gonar da sandarsa, ya tarar da saurayin yana roron wake. Ba wanda ya ji abin da suka ce wa juna. Da mutane suka iso, makiyayin yana ƙasa, kansa a fashe da ƙotar fartanya, saurayin yana tsaye yana rantsuwa shi bai taɓa saniya ba. Mijin yayata ne ya ɗauki makiyayin a moto. Bai kai likita da rai ba. Shi ne kuma ya tsaya gaban jandarmomi ya ba da shaida, yana hawaye, cewa ya sha jin yaron yana cewa zai yi, ya yi ta ba shi baki bai ji ba. Aka tafi da saurayin kaso, gidan yari. Fulanin suka kwashe kayansu a ranar da suka rufe mamacinsu. Sai da manya na ɓangarorin biyu suka yi ta zarya kafin a tabbata ba za a dawo ɗaukar fansa ba.

Baffa ya kwanta ciwo. Wanda ya riƙa kai masa fura yana zama a gefensa shi ne mijin yayata. Kafin damina ta zagayo, Baffa ya ba shi aron gonar, tunda ba mai noma ta.

Yayata ta gaya mini abin da ta sani ranar da na raka ta kai gyaɗa wajen injin niƙa. Muna tafiya a hanya, ba kowa kusa, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ranar saniyar nan, da aka fito sallar asuba ya shigo gida. Wandonsa duk jini har gwiwa, addarsa ma haka. Ya ba ni ya ce in wanke. Na tambaye shi, ya ce wane jini, ai bakin mai ne na moto, idona ne ke gani ba daidai ba. Na san bakin mai, na san jini. Na wanke. Da rana na ji labari."

Na ce, "Yaya, za ki iya faɗar wannan a gaban maigari?"

Ta ce, "Zan iya. Wa zai yarda?"

Na je wajen maigari ni kaɗai tukuna. Ya sallami mutanen da ke zauren ya saurare ni. Ba azzalumi ba ne, kuma na ga maganar ta shige shi. Amma ya ce, "Mushe, me ke hannunka? Wandon da aka wanke, da maganar matar da duk gari ya san ana karɓo mata rubutun iska. Shi kuwa in na tara garin nan yau, kowa zai tashi ya shaide shi. Kuma ko an tabbatar shi ya sari saniya, ba shi ya ɗaga fartanya ba. In maganar nan ta fita ta kai ruga, wutar da muka sha wahala muka kashe ita za ta tashi. Ka riƙe bakinka, ka kula da ƴar'uwarka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan fa yana kaso."

Ya ce, "Na sani," ya juyar da kai.

Hanyar ta buɗe ta inda ban zata ba. Aka turo mana sabon malami a lekol, ɗan Sassumbrum. Wata rana muna wucewa ta bakin rumfar, ya dubi mijin yayata ya sake dubawa. Da muka yi nisa ya ce, "Wannan a nan yake? Ai uwarsa tana nan, daddawa take sayarwa a kasuwarmu."

Ranar kasuwar na ari moto na tafi. Na same ta a layin masu kayan miya, ƴar tsohuwa siririya, da faifan daddawa da kuka a gabanta. Na durƙusa na gaishe ta, na ce daga wajen Guci nake, ɗanta yana auren yayata. Hannunta ya tsaya a kan faifan. Ba ta tambayi lafiyarsa ba. Ta ce, "Me ya yi?"

Ta bar wa maƙwabciyarta kayan, ta ja ni bayan rumfuna. Na ba ta labari a taƙaice. Ba abin da ya ba ta mamaki, har cewar da ya yi ta mutu.

Ta ce, "Ɗana, ni na haife shi, na shayar da shi kamar sauran. Ubansu mutumin kirki ne, yana nan gida, ido ne ya tafi. Ba yunwa ya sha ba, ba ƙiyayya aka nuna masa ba. Tun bai kai kaciya ba yake murɗe wuyan ƴan tsaki ya jera su. Ya cinna wa rumbun baffansa wuta, ya zo ya fi kowa ɗebo ruwa. An yi duka, an yi lallashi, an kai shi wajen malamai. In an kama shi zai yi kuka ya rantse, kafin ka juya ya manta. Ni ban taɓa ganin kunya a idonsa ba, ban taɓa ganin tsoro ba. Ya bar mata a nan da ƴa, har yau matar in ta ji an ambace shi sai ta tashi daga wurin."

Na ce, "Inna, yaya za mu yi?"

Ta ce, "Ku raba ƴar'uwarku da shi. Amma kada ku ƙwace ta, in ya ga an kayar da shi ba zai bar ku ba. Ku bar shi ya ga ba ta da sauran amfani gare shi, shi da kansa zai yar." Na tashi zan tafi, ta kama bakin rigata. "Don Allah kada ka ce masa ka gan ni."

Da na dawo ban yi wa Baba dogon bayani ba. Na ce uwar surukinsa da ubansa suna da rai, ga sunan unguwarsu, ya aiki wanda ya yarda da shi ya gano. Ya aiki ƙanensa. Da ƙanen ya dawo suka shige ɗaki su biyu. Baba ya fito, ranar bai je rumfar bakin hanya ba, kuma bai ƙara zuwa ba. Washegari ya kira ni ya ce, "Yaya tsohuwar ta ce a yi?"

Da maganar iskar da shi mijin ya yaɗa a kanta muka yi amfani. Baba ya same shi ya ce ciwon yarinyar nan ya yi ƙarfi, za a dawo da ita gida a yi mata magani, kuma malamin da zai yi maganin ya ce abin zai ɗauki lokaci, ba girki, ba aikin gona, sai an yi ta hidima da ita. Yayata ta dawo gida ta kwanta a ɗakin innarmu. Ya zo dubiya sau ɗaya da lemo a leda, ya yi addu'a mai tsawo. Da ya ga damina ta matso ba mai kai masa abinci gona, ya zo ya sami Baba a zaure. Ina wurin. Ya ce shi ba ya son ya zama nauyi a kan marar lafiya, ya sawwaƙe mata. Ya faɗe shi kamar mai ajiye kofin da ya gama shan ruwa. Ya juyo ya ce mini, "Ɗan alli, wasa ya ƙare ke nan," ya yi dariya, ya fita.

Ya noma gonar Baffa damina ɗaya. Bayan an yi girbi ya kwashe hatsin duka, ya kwance rumfarsa, ya ce zai koma wajen Dungas, an yi masa tayin aiki. Mutane suka raka shi har bakin hanya suna sa masa albarka. Wasu mata har da kuka. Har yau akwai waɗanda in an yi naƙuda mai wuya suke cewa da yana nan da tuni an kai ta. Akwai kuma masu cewa gidanmu ne muka kore shi da baƙin hali, bayan ya yi haƙuri da marar lafiya.

Baffa ya rasu ɗansa yana tsare. Saurayin ya fito bayan shekaru, ya rame, ba ya son zama cikin mutane, bai daɗe ba ya tsallaka iyaka bai dawo ba. Na gaya masa abin da na sani kafin ya tafi. Ya saurara, ya ce, "Ko ma wa ya sari saniyar, ni na kashe mutumin da ya goya ni ina yaro." Fulani ba su sake sauka a gonakin unguwarmu ba. Yayata tana nan gidan Baba, ta koma sana'arta, hankalinta garau. Masu neman aure sun zo, ta ce a bar ta.

Ni kuwa abin da ya bar mini shi ne ido, kuma ba kullum nake gode wa idon ba. Na koyi duba fuskar mutum a daidai lokacin da ya juya baya ga wanda ya gama yi wa fara'a. Na koyi tambayar kaina yadda matarsa take, da ƴaƴansa, da dabbarsa, da abokansa na da, ko yana da su. In mutum yana ba kowa labarin yadda aka zalunce shi kuma bai taɓa cewa shi ya yi kuskure ba, ina ja baya. Sau biyu ko uku wannan ya tsare ni daga mutanen da daga baya aka ji abin da suka yi.

Amma bara aka kawo wani matashi aikin rigakafin dabbobi a yankinmu. Yaro mai kirki, mai gaisuwa, in ya ga tsohuwa da kaya sai ya sauka daga moto ya ɗaukar mata. Duk gari suka so shi. Ya yi ta neman mu saba, yana zuwa lekol yana zama a bakin ajina. Ni kuma ina amsa gaisuwarsa a taƙaice, ina bin sa da kallo, ina jiran ranar da fuskar za ta sake. Har na je garinsu da wata hujja na tambayi labarinsa. Ba abin da na samu sai alheri. Da aka canja masa wurin aiki ya zo sallama gida-gida. Ya tsaya a ƙofar zaurenmu ya ce, "Mushe, in akwai abin da na yi maka ban sani ba, ka yafe mini. Na ga tun da na zo ba ka sake da ni ba."

Na ce masa bai yi mini komai ba. Ya jira ko zan ƙara wani abu. Sai na yi masa addu'ar sauka lafiya kawai, ya hau motonsa ya tafi.